Tsufa da Hikima: Sharhi kan Matsayin "Dattawan Gari" a Binciken Harshe da Tarihi a Madawa, Buza da Keita

1.0 Gabatarwa

Da wuya a buɗe kundin ɗalibin da ya yi bincike a gundumomin Madawa, Buza ko Keita, ba a tarar da shi ya ce ya yi hira da dattawan gari ba. Daga nan sai ya wuce, kamar dai an gama kafa hujja. Ba ya faɗin wanda ya zaɓo masa dattawan, ko fannin da kowannensu ya sani, balle waɗanda aka bari a waje. Abin da ke ƙarƙashin wannan al'ada shi ne ɗaukar cewa yawan shekaru da hikima abu guda ne, kuma wai haka Bahaushe ya ɗauka tun asali.

Manufar wannan maƙala ita ce ta auna wannan ra'ayi da ma'auni uku: kalmomin da Hausa ke amfani da su, karin maganar da ake kafa hujja da ita, da kuma tarihin yankin kansa. Za mu nuna cewa harshen Hausa ya bambanta tsufa da girma da sani, kuma manazarcin da ya cakuɗa su yana iya tattaro ra'ayin masu iko ya kira shi hikimar al'umma. Batun ya ƙara nauyi tun daga 2025, shekarar da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, domin abin da muka rubuta a yau game da Hausar wannan yanki shi za a koyar gobe.

2.0 Asalin ra'ayin

Galibin ɗalibanmu sun haddace maganar da ake dangantawa ga Amadu Hampate Ba, wadda ta kwatanta mutuwar tsoho a Afirka da gobarar ɗakin ajiye littattafai. Asalinta jawabin da ya yi ne a zauren UNESCO a 1960, inda yake roƙon a ceci ilimin baka kafin ya salwanta. Amma waɗanda yake nufi su ne masana gargajiya da suka yi shekaru suna koyo a hannun wasu masana. Bai ce duk mai furfura taska ba ne. Da maganar ta shiga bakin jama'a sai wannan sharaɗi ya faɗi a hanya.

Kiran nasa ya yi amfani ƙwarai. A kan irinsa ne aka kafa cibiyar tattara adabin baka ta Yamai a 1968, wadda aka sani da CELHTO. A 1975 kuma littattafai biyu suka fito cikin jerin Études nigériennes: na Djibo Hamani kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa, da na Nicole Échard mai suna L'expérience du passé, kan tarihin manoman Adar. Dukansu sun ci moriyar bayanan tsofaffi, kuma ba don an yi wannan aiki a lokacin ba, da abubuwa da yawa sun bi masu su kushewa. Saboda haka sukar da muke yi ba ta shafi tambayar tsofaffi ba. Ta shafi mai da shekaru su zama takardar shaidar sani, ba tare da wani awo ba.

Akwai kuma gado na biyu da ya zo mana daga nazarin kare-karen harshe na Turai. Masu wannan fanni sun daɗe suna fifita tsohon manomi namiji wanda bai taɓa barin ƙauyensu ba, domin abin da suke nema shi ne tsohuwar siffar harshe. A 1963 William Labov ya nuna, a nazarinsa na tsibirin Martha's Vineyard a Amurka, cewa ta hanyar kwatanta maganar manya da ta matasa ne ake gane inda harshe ya dosa. Ɗalibinmu ya gaji ra'ayoyin nan biyu a haɗe, ya kuma ƙara musu ladabin gida, wanda ya hana shi yi wa babba tambaya ta biyu.

3.0 Abin da kalmomi ke nunawa

3.1 Ɓangaren shekaru

Hausa na da aƙalla kalmomi uku da ake yi wa fassara ɗaya a Faransanci: tsoho, babba da dattijo.

"Tsoho" ta shafi daɗewa kawai. Ana faɗinta ga mutum, da riga, da rijiya. In ta zo gaban sunan muƙami ma, ma'anarta ita ce wanda ya sauka: tsohon minista, tsohon hakimi. Tana karɓar yabo, kamar a "tsohon hannu", tana kuma karɓar zagi, kamar a "tsohon banza". Akwai har "gigin tsufa", wato harshen ya san shekaru na iya rage hankali.

"Babba" da "girma" sun haɗa girman jiki, shekaru da matsayi. A dubi waɗannan misalai:

(1) Ya girme ni da shekara biyu.
(2) Ya riƙe girmansa.
(3) Ya zubar da girmansa.
(4) An ba shi girma.

A misali na (1) lissafi ne kawai. A na (2) zuwa (4) kuwa, girma abu ne da ake riƙewa, ake zubarwa, ake bayarwa. Ba wanda ke zubar da shekarunsa. Ke nan girman da ake nufi a nan hukunci ne da jama'a ke yankewa a kan halin mutum, kuma suna iya janye shi.

"Dattijo", wadda aro ce daga Fulatanci, ta fi kusa da hali: haƙuri, riƙon amana, auna magana. Shi ya sa ake iya cewa wane tsoho ne amma ba dattijo ba, a kuma ce da matashi yana da dattako, ba tare da an ji wani tufka da warwara ba.

Haka abin yake ga kishiyar kalmar. "Yaro" na nufin ƙarami, tana kuma nufin wanda ke ƙarƙashin wani: yaron sarki, yaron ɗan kasuwa. Mai shekara 60 na iya zama yaron mai shekara 30. A zamanin Seyni Kountché, wanda ya farfaɗo da ƙungiyar samariya bayan juyin mulkin 1974, sarkin samari a garuruwa da yawa magidanci ne mai iyali. A duk waɗannan wurare, kalmomin shekaru suna auna matsayi ne.

3.2 Ɓangaren sani

A nan ma kalmomin sun rarrabu. Hikima, basira, ilimi, dabara da hankali duk asalinsu Larabci ne, amma kowace ta kama gurbinta. Ilimi nemansa ake yi. Basira baiwa ce. Dabara ta warware matsalar da ke gaba ce. Wayo na Gizo ne, yana iya zama yabo, yana iya zama suka. Hankali kuwa yana shiga, yana tashi, yana kwanciya, yana gushewa, kuma "yaro mai hankali" yabo ne da ake ji kullum. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da nahawu ko al'adar magana ta keɓe wa tsofaffi.

Kalmar "shehu" ta cancanci a tsaya a kanta. A Larabci asalin ma'anarta tsoho, amma a Hausa ta zama laƙabin ilimi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Marata, kusa da Galmi, ba nisa da Madawa, ya fara wa'azi yana da kimanin shekara 20. Ya yi karatu a wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda tarihinsa ke haɗe da Adar da Agadas, ya girmama shi matuƙa, duk da haka ya saɓa masa a kan batun kafirta mai aikata manyan zunubai. Wannan misali ne daga cikin al'adar karatu ta yankin: girmama malami daban, karɓar duk abin da ya faɗa daban.

4.0 Karin magana: wa ke faɗi, ga wa?

Duk mai son kare fifikon shekaru, karin maganar da yake fara jawowa ita ce:

(5) Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Akan ƙara da:

(6) Yaro bai san wuta ba sai ya taka.
(7) Da tsohuwar zuma ake magani.
(8) Yaro man kaza, in ya ji rana sai ya narke.

Sai dai rumbun da aka ɗebo waɗannan yana ɗauke da wasu:

(9) Tafiya mabuɗin ilimi.
(10) Gemu ba ya hana ilimi.
(11) Yaro da gari abokin tafiyar manya.
(12) Hankali ke gani, ido gululu.
(13) Sarki goma, zamani goma.

Misali na (9) ya jingina sani ga fita da gani. Na (10) ya ɗauka cewa mai gemu yana da sauran abin koyo. Na (11) ya nuna cewa abin hannu na iya ɗaga yaro zuwa sahun manya. Na (12) ya ce abin gani shi ne hankali, bai kuwa ambaci shekaru ba. Na (13) ya yarda cewa zamani na sakewa, wanda ke nufin sanin jiya ba lalle ya biya bukatar yau ba. Hatta wadda ake cewa "babba juji ne", nauyi take ɗora wa babba na haƙuri da ɗaukar laifin na ƙasa.

Tarin karin magana da muke dogaro da su, tun daga na Merrick na 1905, da na Whitting na 1940, har zuwa na Kirk-Greene na 1966, sun jera su ne ɗaya bayan ɗaya tare da fassara. Abin da jeri ba ya iya nunawa shi ne wurin faɗi. Karin magana makamin muhawara ce. Misali na (5) uba ne ke faɗa wa ɗan da ya nace sai ya sayar da gona, ko wa ga ƙanen da ya ƙi auren da aka zaɓa masa. Ba a jawo ta sai inda aka riga aka yi musu. Yawan jin ta, ke nan, shaida ce cewa ana jayayya da manya a kai a kai. Manazarcin da ya ɗauke ta a matsayin "falsafar Bahaushe" ya ɗauki bakin ɓangare ɗaya na shari'a ya rubuta shi a matsayin hukunci.

Tatsuniya ma ba ta ba da hukunci guda ba. Tsohuwa ce ke nuna wa marainiya hanya saboda ladabinta, tsohuwa ce kuma ke kai tsegumi fada ta jawo wa gari fitina. Auta, ƙaramin cikin ƴan'uwa, shi ne sau da yawa ke warware abin da ya gagari yayyensa. Masu ba da waɗannan tatsuniyoyi kuwa galibi tsofaffin mata ne da kansu.

5.0 Shaidar yankin

5.1 Abin da tsofaffi suka riƙe

Akwai sanin da daɗewa kaɗai ke bayarwa. Lissafin shekaru da sunayen yunwa yana cikinsa: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda yanzu sai a bakin waɗanda suka ji daga kakanninsu, da El Buhari ta 1984, wadda ta ci sunan shugaban Nijeriya na lokacin da aka rufe kan iyaka. Akwai salsalar gidaje, da tsoffin burtalai, da wuraren rijiyoyin da suka cike, da sunayen tsirran da ake ci in hatsi ya ƙare. Duk wanda ke neman waɗannan, ƙofar tsofaffi zai bi.

Amma ko a nan sai an yi hattara. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gona bisa al'ada, kuma a gaban sarakuna da kwamitocin filaye shaidar tsofaffi kan iyakoki tana da nauyi. Ke nan tsohon da ke ba ɗalibi labarin wanda ya fara saran dajin wani wuri yana iya kasancewa mai gona a wurin. Labarin kafuwar gari a Adar har yau hujja ce a rikicin gona da na sarauta. Kundin da ya ɗauki riwaya guda ya buga mata hatimin jami'a na iya komawa ƙauyen a matsayin makami.

5.2 Abin da zamani ya sake

A 1984 aka buɗe furojen Keita, da kuɗin Italiya, da jagorancin hukumar FAO, da abincin hukumar PAM. An tsaga faƙo a kan tuddai, an jera duwatsu, an haƙa ramukan tare ruwa a gangaren duwatsu, an gina madatsai, an dasa itatuwa miliyoyi. Mafi yawan waɗanda suka yi aikin mata ne, bisa tsarin aiki a biya da abinci, wanda jama'a ke kira gina-ka-ci, domin maza sun tafi biɗa. A kwarin Majiya, cikin gundumar Buza, tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa layukan dogon yaro don karya iska. A Ilela kuma, ramukan tasa da aka inganta sun yaɗu ne bayan wasu manoma sun je Yatenga a Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980, suka ga yadda ake yi.

Abu biyu ke fitowa daga wannan. Na farko, sanin yadda ake raya faƙo a Keita yana hannun waɗanda suka ɗauki dutse a ka, wato mata, kuma ba su ake kira ba in an ce a tara dattawan gari. Na biyu, batu ne na lissafi. Wanda aka haifa a 1955 yana da shekara 29 a 1984, yau kuwa ya kai 70. Dattijon da ɗalibi zai tarar a ƙofar fada saurayin zamanin furoje ne, mai yiwuwa ya yi shekaru yana biɗa a Kano, Legas ko Abijan. Abin da zai bayar da sunan "noman gargajiya" ya riga ya gauraya da na malaman gona, Hausarsa kuma ta sha ruwan birane. Ba aibu ba ne, amma dole mai nazari ya san haka kafin ya rubuta cewa ya samo Adaranci tsantsa.

A fadamun Tarka, wajen Madawa, noman albasa ya dogara yanzu ga injin ban ruwa, da taki, da farashin da ake ji ta wayar salula daga kasuwannin Gana da Kodebuwa. Kalmomin wannan sana'a, da aron Faransanci da Ingilishi da ke cikinsu, a bakin matasa suke. Bisa ƙidayar 2012, jama'ar jihar Tawa sun kai kimanin miliyan 3.3 daga cikin miliyan 17.1 na ƙasa, kuma kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Bayanin harshe da ya tsaya ga tsofaffi kaɗai ya bar mafi yawan masu magana a waje.

5.3 Tsofaffin da ba a kira

A littafinta na 2015 mai suna From Slavery to Aid, Benedetta Rossi ta bi tarihin aiki da iko a Adar daga 1800 zuwa 2000, ta kuma nuna yadda bambancin ɗa da bawa ya ci gaba da tasiri bayan an haramta bauta. Wannan ya shafi batunmu kai tsaye. A yankin da Hausawa manoma, da Abzinawa irin su Kel Geres da Lisawan, da zuriyar waɗanda aka bautar suke zaune tare, ba kowane tsoho ne ke da bakin magana a dandali ba. Tsohon da ake ganin asalinsa bawa ne, ko maƙeri, ko mahauci, yana iya fin kowa shekaru, amma in baƙo ya zo da rakoda ba shi za a aika a kira ba. In an kira shi ma, a gaban mai gari ba zai faɗi abin da zai faɗa a zaurensa ba. Haka tsohuwar da ta riƙe ilimin bori, fannin da Échard ta yi wa littafi a 1989: a gaban liman shiru za ta yi.

Wato "dattawan gari" zaɓi ne da wani ya yi, kuma ma'auninsa ya haɗa da jinsi, asali da kusanci da fada. In ana son girmama tsufa da gaske, waɗannan tsofaffi ne farkon waɗanda ake tauyewa.

6.0 Shawarwari ga mai bincike

Bisa abin da ya gabata, muna ganin ya kamata kowane kundi ya cika waɗannan sharuɗɗa:

(a) A bayyana yadda aka samu kowane mai ba da bayani, da wanda ya gabatar da shi.
(b) A rubuta shekarunsa, sana'arsa, wuraren da ya zauna da harsunan da yake ji, ba tare da an fallasa sunansa ba in batun na da haɗari.
(c) A tambayi mutum a kan fannin da ya yi aiki a ciki: ungozoma kan haihuwa, magini kan rijiya, dillali kan awon albasa.
(d) A nazarin karin harshe, a ɗauki aƙalla rukunin shekaru uku, maza da mata. Siffofi irin su "hwara" a madadin "fara", ko "tahi" a madadin "tafi", ba a sanin ko suna ja baya sai an kwatanta kaka da jika. Littafin Bernard Caron na 1991 kan Hausar Adar ya ba mu tushen da za a yi wannan kwatance a kansa.
(e) A rubuta karin magana tare da mai faɗi, wanda aka faɗa wa, da abin da ake jayayya a kai.
(f) A nemi riwaya ta biyu a wajen fada.

Ana iya cewa wannan zai koya wa ɗalibai raina manya. Amsarmu ita ce ladabi yana cikin gaisuwa, da durƙusawa, da goron da aka kai, da sauraro har a kai aya. Ba ya cikin rubuta abin da ba a auna ba. Hasali ma, wanda ya koma wa tsoho da tambaya ta biyu ya fi ɗaukar maganarsa da muhimmanci a kan wanda ya ce "na'am" ya kashe rakoda.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa Hausa ta ware tsufa, wanda lissafi ne, daga girma, wanda jama'a ke bayarwa, daga sani, wanda ake samu ta aiki da tafiya da karatu. Karin magana ta ba kowane ɓangare abin kare kansa, tarihin Keita da Buza da Madawa kuma ya nuna cewa ilimin ƙasa ya rarrabu tsakanin mata da maza, ƴan biɗa da mazauna gida, na fada da na bayan gari. Shekaru suna ba mutum damar gani da yawa, amma abin da ya gani ya dogara ga inda aka bar shi ya tsaya. Aikin da ya rage shi ne a naɗi karin magana a wuraren sasanta rikicin gona da na aure a waɗannan gundumomi uku, a ƙidaya wa ke jawo wace, domin a gwada abin da muka faɗa a sashe na 4.0 da hujjar da ta fi ta jeri ƙarfi.